Watannin da Na Yi Ina Gadin Bakin Teku a Yaƙin Basasa

Ina ƙaramin sojan ruwa a jirgin yaƙi na NNS Nigeria, wanda aka ƙera a ƙasar Holan, lokacin da Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, gwamnatin Gowon kuma ta ba da umarnin datse duk hanyoyin ruwa da ke shiga yankin Gabas. Aikina shi ne tsayuwar gadi ta awa huɗu a saman jirgi, ina riƙe da madubin hangen nesa, kuma a nan na gane cewa mafi yawan wannan aiki jira ne, domin mukan kwashe kwanaki muna sintiri ba mu ga komai ba sai ruwa da hazo.

Manyan jiragen dakon kaya ba su cika wahalar da mu ba, tunda da zarar an yi musu gargaɗi ta rediyo ko ta fitila sukan juya. Kwale-kwale ne suka gagare mu. Jirginmu yana buƙatar ruwa mai zurfi, su kuwa masu kwale-kwalen sun san kowane lungu na ƙoramun Neja Delta, sai su sulale cikin dare ta inda ba mu isa mu bi su ba. Shi ya sa, a ganina, datsewar ba ta kankama ba sai da aka karɓe tashoshin jiragen ruwan yankin kansu: muka sauke sojojin kwamandan gwamnatin tarayya Benjamin Adekunle a Bonny a Yulin 1967, aka kama Kalaba a Oktoba, sannan Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968. Ko da hakan ta faru, kaya sun ci gaba da shiga ta sama, jirage na tasowa daga tsibirin Sao Tome suna sauka a filin jirgin sama na Uli da ke cikin Biyafara da daddare.

Abin da ban yi tunaninsa ba ina kan teku shi ne cewa hanyar da muka toshe wa makamai ita ce kuma hanyar busasshen kifin Norwe da mutanen yankin suka dogara da shi. Sai da na sauka Fatakwal na ga yaran da aka kwaso daga ƙauyuka, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja saboda tamowa, na tsaya ina kallonsu har wani abokin aikina ya ja ni muka koma jirgi.