Raba faɗa a ajin makarantar Lahadi

Babu ayar da yara ke saurin haddacewa kamar Matiyu 5:9, inda Yesu ya sa wa masu ƙulla zumunci albarka, ya ce za a kira su 'ya'yan Allah. Ɗan shekara shida zai rero maka ita ba tuntuɓe, kafin a tashi sujada kuma ka tarar da shi a bayan majami'a ya shaƙe ɗan'uwansa a kan fensir. Koyar da ajin yara a wata ikilisiya a Jos ya nuna mini cewa hadda ba ta zaunar da komai a zuciyar yaro kamar yadda ya ga babba yana raba faɗa.

Mu manya muna son gajeriyar hanya. A kamo yara biyu, a ce, "Kai ba shi haƙuri, kai kuma ka yafe, to ku gaisa." Shi ke nan, an kashe magana. Amma ƙaramin da aka ƙwace wa biskit ya koma benci hannu rabbana, ya kuma gane cewa zaman lafiya shi ne mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi ya haɗiye. Ranar da ƙarfinsa ya kawo, zai rama a kan wani. Shi ya sa a ajinmu kowa sai ya faɗi abin da ya faru ba a katse shi ba, wanda ya ɗauki abin wani ya mayar, sannan a zo maganar gafara. Labarin Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19 yana taimaka mini sosai, domin bai tsaya a kan nadama ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Yara kan kama lissafin nan da nan. "Malama, wato in na saci alawa ɗaya sai in biya huɗu?" Sai ajin ya kaure da dariya, amma maganar ta shiga.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar yana zuwa ne daga gida. Tun rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da na 2010, unguwannin Jos da yawa sun rabu, Kirista nasu gefe, Musulmi nasu. Akwai yara a ajina da ba su taɓa wasan ƙasa da ɗan Musulmi ba. Abin da suka sani kawai shi ne "su", kamar yadda suke ji a bakin iyaye da daddare. Wata yarinya da danginta suka yi gudun hijira daga ƙauye ta taɓa tambayata, "Malama, har da waɗanda suka ƙona mana gida?" Ban ce mata ta manta ba, ban kuma ce abin ba komai ba ne. Na ce ƙona gida mugunta ce, Allah ma ya ƙi ta, kuma neman a hukunta mai laifi ba zunubi ba ne. Abin da Romawa 12:19 ta hana mu shi ne ɗaukar fansa da hannunmu.

Ga irin waɗannan yara nake ba da labarin Ishaku a Farawa 26. Makiyayan Gerar suka yi rigima da nasa a kan rijiya, ya bar musu, ya haƙa wata, ita ma suka yi gardama, ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ya sa mata suna Rehobot. Daga baya Abimelek, sarkin mutanen Gerar ɗin, da kansa ya zo neman yarjejeniya, Ishaku ya faɗa masa a fuska cewa sun ƙi shi sun kore shi, sannan ya yi musu liyafa. Ɗan Filato ba ya bukatar a fassara masa rigimar ruwa da kiwo.

Ina kuma ba su labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya ya hana mahara shiga. Kusan kullum sai an sami yaron da zai tambaya ko da gaske Musulmi ne.

Ba duk iyaye ke jin daɗin wannan ba. Wata uwa a zumuntar mata ta tare ni ta ce, "Malama, kada ki mayar mini da ɗa rago, zamanin nan sai da zafin zuciya." Na san abin da ya sami gidansu, don haka ban yi musu da ita ba. Na dai roƙe ta ta zo ta zauna a ajin wata Lahadi, ta ga ko ɗan nata shiru muke koya masa ko kuwa yadda zai dubi wanda ya cuce shi ya ce masa, "Ka yi mini laifi, mayar mini da abina."