Keken maƙwabcina da kaburburan Amboise

Shekarata ta farko a Tours, hanya ɗaya tak na sani: daga ɗakina zuwa tashar tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, daga can zuwa siton da muke lodin kaya, da yamma in biyo sawuna. A watan Oktoba na iso Faransa, sanyi na kunno kai, kafin Disamba kuwa ƙarfe biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi. Ni ɗan Damagaram ne, a Birni na tashi, inda tsakanin ƙofar gida da masallaci sai ka gaisa da mutum goma, kowa ya tambaye ka gajiya da iyali. A nan sai in yi mako guda ba wanda ya ce mini ina kwana, in ban da abokan aiki. Ga takardar zamata ta maƙale, kullum amsar ɗaya ce, in ƙara haƙuri. Ranar Lahadi ta fi kowace rana nauyi. In kwanta, in tashi, in buga wa Inna waya in ce mata komai lafiya lau, alhali ƙirjina kamar an ɗora masa dutse.

A hawan ƙasa na gidanmu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Mun yi wata shida gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai ba. Wata rana cikin Afrilu na taya shi hawa da kayan cefane, sai ya ce in biyo shi ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin bene. Ya yaye wani tsohon bargo, sai ga keke shuɗi mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe irin na 'yan tsere. Ya ce gwiwoyinsa sun daina ba shi haɗin kai, keken kuma bai kamata ya mutu a cikin duhu ba. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna. Da dare na tuƙa tuwon semo da miyar kuɓewa na kai masa. Tun daga ranar nake ce masa Baba, da na fassara masa ma'anar kuma bai hana ni ba.

Shi ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya nuna mini hanyar da suke kira Loire à Vélo, wato bin kogin Loire a kan keke. Kogin shi ne mafi tsawo a Faransa, ya haura kilomita 1,000, hanyar keken kuma ta kai wajen kilomita 900, daga kusa da Nevers har bakin tekun Atlantika. Wani yanki ne na doguwar hanyar EuroVelo 6 da ke ratsa Turai har Bahar Aswad. Ba ka bukatar taswira sosai, ƙananan alluna masu hoton keke ne ke jan ka daga mararraba zuwa mararraba. Wani wurin hanyar ta masu keke ce zalla, wani wurin kuma ƙaramar kwalta ce ta ƙauye da sai ka jima kafin mota ɗaya ta gifta.

Fitata ta farko yamma na yi, na bi gefen kogin Cher wajen Villandry, tafiyar kusan kilomita 20. Ban yi nisa da barin gari ba wata mata da mijinta suka taho a kan kekunansu, matar ta dube ni ta ce bonjour. Na ɗauka ta yi kuskuren sani ne. Sai na gaba ma ya faɗa, da wani mai kamun kifi a bakin ruwa, da wani yaro da ke bin mahaifinsa a baya. Kafin in kai Savonnières, ƙauyen da ake ɗaure jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ciki a gaɓar ruwa, na amsa gaisuwar da ta fi wadda na samu cikin wata shida. Mutanen dai su ne waɗanda nake gani a tiram kowa ya sunkuyar da kai. Na tsaya a gindin wata bishiya na daɗe ina kallon ruwa, idona ya cika.

A Villandry na fara ganin abin da suke kira shato, gidan sarauta ko na manyan fadawa. An gina wannan wajen shekarar 1536, mai shi Jean Le Breton, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan Sarki François na Ɗaya. Ginin bai kama ni kamar lambun ba. Wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, ya sayi gidan a 1906 ya farfaɗo da lambun bisa tsarin dā, shi ma baƙo ne a ƙasar. Fage tara ne masu kusurwa huɗu, kuma abin da aka shuka a ciki kabeji ne da karas da salak da albasa mai ganye, an jera su launi-launi kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Kakana mai lambu ne a Mirriya, ya ƙare rayuwarsa yana jan ruwa da guga, ban taɓa jin wani ya ce aikinsa abin kallo ba ne. Ga mutane daga ƙasashe daban-daban sun biya kuɗi suna ɗaukar hoton kabeji. Na ji daɗin hakan har cikin raina, na kuma yi masa addu'a a wurin.

Hanya ta koya mini abubuwan da ba a rubuta a allo ba. Shagon burodin ƙauye yakan rufe da tsakar ranar Lahadi, in ba ka yi guzuri ba sai ka koma gida da yunwa, don haka dabino da burodi ba sa barin jakata. In gorar ruwa ta ƙare, Baba ya ce in nemi maƙabarta, kusan kowace tana da famfo saboda masu ba furanni ruwa, in dai ba a rubuta cewa ruwan ba na sha ba ne. Iska mafi yawan lokaci daga yamma take busowa, saboda haka gara ka fuskance ta da safe kana da ƙarfi, ta turo ka gida da yamma. Mai faci a gindin bishiya kuwa babu shi. Ranar da tayata ta sace a kan tudun da aka gina don tare ambaliya, wajen Bréhémont, na tura keken kilomita da yawa a ƙasa. Washegari Baba ya zaunar da ni a tsakar gida da kwanon ruwa, ya nuna mini yadda ake tsoma tub a nemo kumfa, a kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska kafin a manna faci. Ya sa na kwance na ɗaura sau uku.

A jikin bangon tsofaffin gidajen bakin kogi za ka ga an tsaga layi da shekara: 1846, 1856, 1866, iyakar inda ruwa ya kai a manyan ambaliyoyin nan uku. Wani layin ya fi tsayina. Gidajen na farin dutse ne mai taushi da ake haƙowa a gefen tuddai, ramukan da aka bari kuma mutane suka mai da su ɗakuna da wurin ajiya, har yau akwai masu zama a ciki wajen Rochecorbon da Vouvray. Salla kuwa ban taɓa rasa inda zan yi ta ba. In sauka bakin ruwa, in yi alwala, in shimfiɗa rigar ruwata a kan yashi. A watan Yuni magariba sai kusan ƙarfe goma na dare, yini ya isa ka je ka dawo ba gaggawa.

Amboise tana gabas da Tours, ƙasa da kilomita 30, ana bi ta gonakin inabi na Montlouis. Na je ne don kowa yana maganar Leonardo da Vinci, mai zanen nan ɗan Italiya da ya zo garin a 1516 bisa gayyatar sarki, ya rasu a 1519, kabarinsa kuma yana cikin ƙaramar majami'ar fadar. Fadar tana bisa tudu, ta leƙo kogi. A nan Sarki Charles na Takwas ya buga kansa da saman wata ƙofa a 1498, abin da ya zama ajalinsa yana ɗan shekara 27. Na zaga ɗakunan tare da jama'a, na fita lambu don in huta, na hau can sama inda ba kowa. Sai na ga rubutun Larabci.

Duwatsu ne 25 a jere cikin tsirrai. Na karanta allon da ke gefe sau biyu. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malamin da ya yi shekara 15 yana yaƙar sojojin Faransa, ya ajiye makami a Disamban 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas. Aka saɓa alkawarin. Aka tsare shi a Toulon, aka kai shi Pau, daga bisani aka kawo shi wannan fada a 1848 tare da iyalinsa da mabiyansa. Shekara huɗu suka yi a nan, sai a Oktoban 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Cikin shekarun nan mutum 25 daga cikinsu suka rasu, har da mata da ƙananan yara, aka binne su a wannan tudu. A 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara musu wannan lambu, da layin wani tsiro mai ƙamshi da ya ratsa shi yana nuna alƙibla.

Na zauna a ƙasa. Na san sanyin da ya shige su, shi ne ya shige ni a hunturun farko, ni da ke da na'urar ɗumama ɗaki da waya a aljihu. Su mutanen rana ne kamar mu, aka kulle su a ɗakunan dutse masu danshi a bakin kogi. Na tuna lokacin da suke nan Sarki Tanimun yake kafa ƙarfinsa a Damagaram, shekaru kusan 50 kafin sojojin ƙasar nan su iso ƙofar Birni a 1899. Ban yarda a kira tsarewar nan da wani suna mai daɗi ba, cin amana ce. Amma Amir ɗin da aka yi wa haka shi ne a 1860 ya buɗe gidansa a Dimashƙa ya kare Kiristoci da ake farauta, a can kuma ya rasu a 1883. Na bi layin tsiron da ido na gane gabas, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na roƙa musu gafara. Wannan ce rana ta farko da na yi ziyarar kabari a Faransa, yadda muke yi a gida bayan sallar Idi.

Ƙafafuna ba su da ƙarfin komawa, sai na sa keken a jirgin ƙasa, tafiyar minti ashirin. Na tarar da Baba a bakin ƙofa yana shan iska. Ya tambaye ni ina na kai yau, na gaya masa, na nuna masa hotunan duwatsun. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya ce an kai su fadar nan suna 'yan makaranta, ya kuma wuce ta gindinta a jirgi sau ba adadi, amma ba wanda ya taɓa ba shi labarin mutanen da ke kwance a sama.

"Tudun yana da tsayi?" ya tambaye ni.

"Akwai hawa, Baba, amma za mu bi a hankali. In kun gaji sai mu zauna."

Mun sa ranar Asabar mai zuwa, jirgin safe. Ya ce shi zai kawo burodi, ni in zo da dabino.