Gawa a Bayan Gari: Yadda Binciken Kisa Ke Lalacewa Kafin 'Yan Sanda Su Iso

A ƙauye, shari'ar kisan kai takan lalace ne cikin awa biyun farko. Yaro ya tsinci gawa a gona, ya ruga gari da ihu, kafin mai unguwa ya zura takalmi jama'a sun yi wa wurin zobe. Wannan ya juya gawar don ya ga fuska, wancan ya ɗauki addar da ke gefe ya duba ya miƙa wa na kusa da shi, wata baiwar Allah ta cire mayafi ta lulluɓe mamacin. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Amma lokacin da motar DPO za ta iso daga hedikwatar ƙaramar hukuma, sawun da ake nema ya riga ya nutse ƙarƙashin sawun mutum hamsin.

Wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, shi aka fi dangantawa da ƙa'idar da aikin nan ya ginu a kai: duk wanda ya taɓa wuri sai ya bar wani abu nasa, sai kuma ya tafi da wani abu na wurin. Ƙa'idar ta hau kan mai kisa, ta kuma hau kan ɗan kallo. Saboda haka aikin farko na dagaci ko shugaban 'yan sintiri shi ne korar mutane baya. Mutum ɗaya ya shiga ya tabbatar ko da sauran numfashi, in akwai a garzaya asibiti, rai ya fi hujja. In babu, ya fito ta inda ya shiga. A kewaye wurin da igiya ko karan dawa, taku talatin ta kowane ɓangare, domin sau da yawa inda aka fara faɗan daban ne da inda mutum ya faɗi. A rubuta sunan wanda ya fara gani, da ƙarfe nawa, da duk wanda ya taɓa wani abu.

Sawu shi ne abin da ƙasarmu ta fi bayarwa, shi ne kuma ya fi saurin ɓacewa. Iskar hunturu na share shi cikin yini guda, ruwan damina cikin minti biyar. A kifa masa kwano ko ƙwarya. In za a ɗauki hoto da waya, a riƙe ta daidai saman sawun, kada a karkace, a ajiye kwalin ashana ko abin awo a gefe don a san girmansa. Hoton da ba shi da ma'auni kusan ba shi da amfani a kotu. Haka za a yi wa sawun tayar babur, kuma a lura da inda ya tsaya ya juya. Tufafin da suka jiƙe da jini kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne cusa su a leda. Leda na riƙe laima, a zafinmu jinin ya ruɓe ya yi fumfuna, abin da za a gwada ya lalace. A bar su su bushe a inuwa, kowanne daban, sannan a sa a kwali ko babban ambulan. Makami kada a wanke, kada a goge, kada a gwada shi a bakin rauni wai a ga ko ya yi daidai.

Ita kanta gawa tana faɗin lokaci, sai dai agogonta a nan ya fi na littafi gudu. Sandarewa na farawa ne daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 6, ta game jiki wajen awa 12, ta sake bayan kwana ɗaya zuwa biyu. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a Haɗeja ko Gumel, komai na zuwa da wuri ya wuce da wuri, kuma lissafin hucewar jiki da ake koyarwa a ƙasashen sanyi ba ya aiki, don iskar ma ta fi jikin zafi. Abin da ya fi taimako shi ne kwanciyar jini. In zuciya ta tsaya, jini na gangarawa ɓangaren da ke ƙasa, ya zauna dindindin bayan awa 8 zuwa 12. A baƙar fata ba ya fitowa sosai, sai an duba da kyau a haske. In aka sami mutum a rub da ciki amma jinin ya kwanta a bayansa, to ya daɗe a rigingine a wani wuri kafin a kawo shi nan. Haka nan raunin sara mai zurfi a wuya alhali ƙasar wurin babu jini sosai. Yanka a tafin hannu da damtse alamar kare kai ce, mamacin ya ga abin da ke zuwa. In babu su, ko dai a barci aka same shi, ko ta baya, ko kuwa ya saki jiki da wanda ke gabansa.

Sai batun da ya fi wuya, wato sutura. Dangi na so a yi wanka a kai shi makwanci kafin la'asar, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma wanka na tafiya da fatar da ke ƙarƙashin farce, da gashi, da ƙasar da ta manne a jiki. Gawar da aka ciro daga rijiya, likita ne zai iya cewa da rai ta faɗa ko bayan mutuwa aka jefa ta. Wanda aka samu a rataye, shatin igiya yakan hau sama ta bayan kunne in ratayar ce ta kashe shi, in kuwa shaƙe shi aka yi shatin yakan zagaye wuya a kwance. In ana zargin guba, shinkafar ɓera ko fiya-fiya, a adana sauran abincin da kwanon da aman, kowanne a mazubinsa, domin ba tare da gwaji ba zancen guba zance ne kawai. Jinkirin 'yan awanni a kai gawa babban asibiti, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano in abin ya kai haka, ya fi sauƙi a kan tono kabari bayan wata biyu da umarnin hukuma.

Bayan an tsare wuri da gawa ne ake zuwa ga abin da finafinai suka kambama: hasashen ko wane irin mutum ne ya yi kisan, daga yadda ya yi shi. Hukumar FBI ta Amurka ta kafa sashen nazarin ɗabi'a a 1972, kuma jami'anta John Douglas da Robert Ressler sun zauna da masu kisa 36 a kurkuku suka fito da rabon nan na gida biyu: mai tsari, wanda ke zuwa da makaminsa ya ɓoye gawa, da mara tsari, wanda ke ɗaukar abin da ya samu ya bar komai a warwatse. Rabon na da daɗin ji. Sai dai a 2004 David Canter na Ingila da abokan aikinsa suka gwada shi a kan kisa 100, suka tarar kusan kowanne na ɗauke da alamun gida biyun a haɗe. A Landan kuma, bayan kisan Rachel Nickell a 1992, 'yan sanda sun maƙale wa Colin Stagg saboda ya yi kama da hoton da masanin ɗabi'a ya zana musu. Alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994, sai a 2008 gwajin DNA ya kai ga hukunta ainihin mai laifin, Robert Napper.

Mu ma muna da namu hasashen, kuma ya fi wancan haɗari, don shi ba ya jiran kotu. In aka yi kisa, ido na fara sauka kan baƙo, ko mai taɓin hankali, ko Bafulatanin da ya ratsa da shanu ta burtali, ko tsohuwar da ake yi wa raɗe-raɗin maita. Da zarar gari ya tsayar da mutum ɗaya, shaidu na fara tuna abin da ba su gani ba.

Hasashe mai amfani daga mamaci yake farawa. Ina ya kwana, wa ya gan shi ƙarshe, wa ya kira shi a waya, me ya fitar da shi a wannan lokaci? Mutumin da ya sayar da sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko a Wudil ranar Juma'a aka tare shi a hanyar gida, tambayar ita ce wa ya san ya kama kuɗi, wa kuma ya san hanyar da yake bi. Akwai rigimar iyakar gona, gado, bashi, neman aure, kishi? Daga nan sai wurin. Wanda ya jefa gawa a tsohuwar rijiyar da ciyawa ta rufe a kufai ya san rijiyar tun da. Wanda ya shiga gida da dare kare bai yi haushi ba, ya wuce ɗakuna uku ya nufi na huɗu, ba ranar ya fara shiga ba. Da ɗan gari akan ci gari. Makami ma na magana: taɓarya ko fartanyar gidan na nuna faɗan da ya ɓarke nan take, wanda ya zo da wuƙarsa ya tafi da ita kuwa ya yi shiri. Sara da yawa a fuska, fiye da abin da kisa ke buƙata, kan sa a fara duba masu jiƙaƙƙa da mamacin. Duk wannan jerin waɗanda za a fara yi wa tambaya yake bayarwa, ba ya ɗaure kowa. Kisan yarinyar nan Hanifa 'yar shekara 5 da ya girgiza Kano a farkon 2022, mai makarantarsu ne aka yanke wa hukuncin kisa a watan Yuli na shekarar, mutumin da iyayenta suka amince da shi.

Waya ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. In wayar mamaci ta ɓace, a nemo kwalinta, lambar IMEI mai lambobi 15 na jiki, da ita ake gano wayar ko an canza layi. Kada dangi su yi ta kiran layin suna zagi, hakan na sa a jefar da ita.

DPO ba ya riƙe shari'ar kisa, yana miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na jiha, Bompai a Kano, Dutse a Jigawa. Daga can fayil ya tafi ma'aikatar shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati, sannan babbar kotu. A ƙarƙashin sashe na 221 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Penal Code, sai an tabbatar da abu uku: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da nufin kisa ko yana sane cewa mutuwa ce za ta iya biyo baya. A na biyun ake yawan faɗuwa. Mai binciken da bai samu komai a wurin ba yakan jingina da amsa laifi, amsar da aka samu da duka kuwa sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar ƙin karɓarta, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Wannan ya shafi 'yan sintiri ma: wanda suka ɗaure suka jibga kafin su miƙa shi, sun ba lauyansa makami. Ko ba duka, mutum na iya amsa abin da bai yi ba. Shari'ar kisa ta farko da aka warware da DNA a Ingila ta fara ne a 1986 da wanke wani matashi da ya riga ya amsa kisan. Kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta shi.

In an sami wanda aka sara da sauran magana a bakinsa, ya ambaci suna, doka na karɓar wannan furuci in ya faɗe shi yana ganin mutuwa ta zo masa. Amma kotu kalmominsa take so, yadda ya faɗe su. Wanda ya ji ya rubuta nan take, ko ya sa a rubuta masa, da boko ko da ajami, da lokaci da sunayen waɗanda ke wurin. «Ya ce wane ne ya kashe shi» daban yake da «Wayyo, wane ya sare ni, mutuwa zan yi», kuma bayan shekara uku a gaban alƙali, shaidu biyu da suka kawo lafazi biyu mabambanta sun isa lauya ya rushe duka biyun.