Injin kwashe dusar ƙanƙara da ya ƙi tashi

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka da gaske a Miniyafolis, birnin da ke jihar Minesota a Amurka, wayar shagona ba ta hutawa. Tun asuba ake kira, kuma maganar ɗaya ce, inji ya ƙi tashi. Mutum ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, ga mota a binne, ga dokar gari ta ba mai gida awa 24 kacal bayan dusar ta tsaya ya share hanyar masu tafiya a ƙafa da ke gaban gidansa.

Ni da gyaran janareta na tashi a Kaduna. Da na fara kwance waɗannan injuna sai na ga ashe dangi ne: silinda ɗaya, fulogi ɗaya, kabireta, igiyar ja. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne rashin matatar iska. Na yi ta lalube, har na ɗauka cire ta aka yi, sai daga baya na gane yawancinsu haka ake ƙera su, tunda babu ƙura a lokacin sanyi, kuma matatar daskarewa za ta yi.

Amma ainihin bambancin a zama yake. Janareta a gida ba ya kwana uku ba a tayar da shi ba. Wannan kuwa tun Afrilu yake kwance a gareji har Nuwamba, da fetur a cikinsa. Fetur ɗin jihar Minesota kuma gauraye yake da etanol na masara, kashi 10 cikin 100. Etanol na jawo laima. Idan man ya daɗe, mai sauƙin kamawa da wuta ya bi iska, ragowar ta yi kauri kamar ƙaro ta toshe kafar da mai ke bi a cikin kabireta, wadda ba ta fi kafar allura ba. Da na buɗe murfin tanki na ji warin tsohon fenti, na riga na san aikin da ke gabana.

Duk da haka ba na ɗaukar sifana sai na yi tambayoyi. Makullin roba da ake sokawa a gefen injin kafin ya tashi yana ciki? An buɗe famfon mai? An rufe iska, an danna robar tura mai sau biyu ko uku? Bara wani dattijo ɗan Damagaram, sabon zuwa wurin ɗansa, ya kira ni ya ce, "Malam, injin nan fa ya mutu." Na ce, "Baba, a duba gefen injin, akwai wani ɗan jan abu a soke?" Babu. Jikansa ne ya zare shi yana wasa. Ban karɓi ko kwabo ba, shayi dai na sha da na leƙa gaishe shi.

In duk wannan daidai ne, sai fulogi. Shi ne mai ba da labari. Idan ya fito a bushe bayan an sha ja, mai ba ya isowa. Idan ya fito sharkaf, mai ya yi yawa, sai a buɗe iska, a goge shi, a ɗan jira. Ina jingina shi da jikin inji in ga ko zai ba da shuɗiyar wuta, tazarar bakinsa kuma galibi inci 0.030 ce. Baƙin mai ma ina dubawa, don mai kauri a wannan sanyi riƙe inji yake yi; 5W-30 ake zubawa.

Sauran aikin na kabireta ne. A zubar da tsohon fetur, a kwance ƙoƙon ƙasa, a wanke, a bi kafofin da siririyar waya a hankali, a hura. Yara masu gaggawa sun fi son sayo sabuwa mai araha ta intanet su ɗaura. Ni na fi yarda da tsohuwar in dai ba tsatsa ta cinye ta ba, musamman a injunan kamfanin Tecumseh, waɗanda aka daina ƙerawa tun 2008 amma har gobe suna cike da garejin mutane. Na kamfanonin Toro da Ariens ma kullum suna shigowa, ba don sun fi lalacewa ba, su ne dai suka fi yawa a nan. Kuma ba na tayar da inji sai ƙofar shago na buɗe, ko da sanyi zai kashe ni, domin hayaƙin ya fi sanyin sauri.

Duk watan Oktoba nakan rage kuɗin aiki in manna sanarwa: a kawo inji kafin sanyi, a riƙa zuba fetur marar etanol, a ƙone na ciki tas kafin a ajiye. Kaɗan ne ke zuwa. Sauran sai daren da aka ce gobe dusar za ta kai inci 10, sannan motoci su jeru a ƙofar shago, ni da yarona muna ɗaura wa kowane inji lamba a hannu, muna faɗa wa masu su su tanadi shebur tukuna.