Sa hannun kodineta da abin da ya ja mini a digirin muhalli

Rabin hukuncin digirin mutum a makon farko na kowane zango ake yanke shi, ranar da ya cike fom ɗin kwasa-kwasai ya kai wa kodinetan ajinsa ya sa hannu. Na kammala karatun kula da muhalli, ina jiran kiran bautar ƙasa, ƙannenmu na aji ɗaya da na biyu kuma sun dame ni da tambayar wane kwas za su ɗauka, wane za su bari. Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Karatunmu faɗi gare shi. Likita da lauya an shata musu hanya tun daga ƙofa, mu kuwa da safe kana ajin kemistiri, da azahar ana karanta maka dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da yadda gubar da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 ta haifi hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda hukumar NESREA ta gaje ta a 2007, da la'asar kuma ga ka a ajin nazarin zamantakewa. Wanda bai zaɓi gefe ba sai ya fito ya taɓa komai, amma ba abu ɗaya da za a kira shi aiki dominsa. Wurin zaɓar gefen nan kuwa ƙunci ne da shi. Yunit 24 ne iyakar abin da za ka ɗauka a zango, kwasa-kwasan dole da na GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, sun cinye mafi yawa, abin da ya rage maka bai wuce gurbin kwas ɗaya ko biyu ba.

Ni tun aji ɗaya na san gefen da nake so: taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. A aji biyu akwai kwas ɗin zaɓi na sharar fagen GIS, wato haɗa taswira da nazarinta a kwamfuta, da sashen labarin ƙasa ke bayarwa, kuma littafin sashenmu ya rubuta ƙarara cewa ɗalibinmu na iya ɗauka. Na cike fom na kai. Kodinetanmu ya ja biro ya soke layin, ya rubuta lambar wani kwas a sama, nasa, wanda shi ke koyarwa kuma shi ke sayar da handawut ɗinsa. Na ce, "Malam, ai littafin sashe ya yarda." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai, littafin ne zai sa maka hannu ko ni? In za ka ɗauka ka ɗauka, in ba haka ba ka ba mutane wuri." A bayana layi ne har bakin matakala, shafin rijista kuma ana dab da rufe shi. Kusan duk ajinmu haka aka yi mana. Waɗanda suka tsira su ne masu wani a sama da zai ɗaga waya.

Kwas ɗin nasa na ci A, kuma yau in aka tsare ni ba zan iya kawo abu uku da na koya a ciki ba. Takardun da ya sayar mana tsofaffi ne ƙwarai, har suna maganar FEPA kamar tana nan da ranta. Wannan duk mai sauƙi ne. Ɓarnar ta fito ne a aji uku, lokacin da na je ɗaukar GIS na gaba aka ce sai wanda ya ci na aji biyu. In koma in ɗauki na bayan kuma, lokacinsa ya ci karo da kwas ɗin dole, zango na biyu ga SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, ya tafi da wata shida. Soke layi ɗaya ya rufe mini hanya ta shekara biyu. Da na koma na yi masa bayani, cewa ya yi ai GIS aikin masu zane ne, ɗan muhalli na gaskiya tunani yake yi. Mutumin da ban taɓa ganin ya buɗe taswira a kwamfuta ba.

Abin da ya cece ni yajin aikin ASUU na 2022 ne, wanda ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ba na yi wa kowa fatan irinsa, amma a watannin nan na sauke QGIS, manhajar GIS wadda kyauta ce, a wata tsohuwar kwamfutar yayana, na riƙa bin darussa a YouTube da datar tsakar dare. A nan na san cewa hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da ake ɗauka tun 1972, hukumar USGS ta Amurka ta sake su kyauta tun 2008, na Sentinel-2 na Turai ma haka, daga 2015. Kenan ɗalibin da ke zaune a ɗakin uwarsa zai iya jera hotunan gari ɗaya na shekara talatin ya auna yadda daji ya koma gona, gona ta koma filoti. Da wannan na yi firojek ɗina, a kan yadda gine-gine suka cinye fadamar garinmu da alaƙar hakan da ambaliyar da muke sha duk damina. Ranar kare firojek, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaya a wane kwas aka koya mana wannan. Na ce ba a koya mana ba. Kodinetan yana zaune a gefe yana latsa waya. Sai dai takardar sakamakona ba GIS a cikinta ko sau ɗaya, kuma kamfanonin da ke rubuta rahoton tantance muhalli da ƙungiyoyin agaji takarda suke fara dubawa kafin su saurari bakinka.

To ga abin da nake gaya wa masu tambaya. Ku nemi littafin sashe tun makon farko, ku fara karantawa daga aji huɗu ku dawo baya, kuna bin kowane kwas kuna duba wanda aka ce sai an ci kafin a ɗauke shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son aikin ruwa da gurɓata, irin binciken sinadarin kuromiyom a ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharada, ko gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, kada ya guji kemistiri da ɗakin gwaje-gwaje don tsoron maki. Mai son dazuzzuka da kwararowar hamada ya riƙe ilimin ƙasa da tsirrai. Kwas ɗin ƙididdiga kuwa kowa ya ɗauke shi da gaske, don a babi na huɗu na firojek ake gane wanda ya yi barci a ajin, shi ne za ka gani yana biyan wani ya yi masa lissafi.

Ku dubi nauyin yunit: A a kwas mai yunit 3 maki 15 ne, F kuma sifili, kuma ko ka sake ka ci, a yawancin jami'o'i faɗuwar farko tana nan a lissafin CGPA, wato matsakaicin makinka na dukkan karatu. Keri-oba, wato kwas ɗin da ka faɗi, sai an fara sa shi a fom kafin sabon kwas, wato gurbin zaɓinka yake ci. SIWES a je inda ake awo da fita fili, ko da ba a ba da ko kwabo, ya fi ofishin da za a sa ka sayen abinci.

Na san ku yanzu kuna kan sabuwar manhajar karatu ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, inda kashi 70 na abin da ake koyarwa NUC ce ta tsara, 30 jami'a. Lambobin kwasa-kwasai sun canza, amma har yanzu mutum ɗaya ne ke riƙe da biro. In aka soke muku abin da littafi ya halatta, kada ku yi musu a ofis. Ku fito, ku haɗu ku biyar ko goma, ku rubuta wa shugaban sashe takarda cikin ladabi da lambar shafin, ku ajiye kwafi, kuma ku yi tun kafin makon ƙarshe na rijista. 'Yan aji ɗaya su fi kowa kula, don na ji bana can aka mayar da kodinetan namu.