Gyaran Tsofaffin Taragai da Abin da Kyamarar Talabijin Ba Ta Ɗauka

Ƙaramin kamfani nake da shi a yammacin Yorkshire da ke arewacin Ingila, kuma aikinmu shi ne gyaran tsofaffin taragan jirgin ƙasa, musamman na katako waɗanda aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Mu biyar ne a shagon: ni da kafintoci biyu, da wata dattijuwa mai ɗinkin kujeru, da wani matashi da ke koyon fenti. A Sabon Garin Zariya na koyi kafintanci, inda ƙofofi da gadaje da kujerun amare su ne abincinmu, amma a nan masu ba mu aiki ƙungiyoyin 'yan sa-kai ne da ke riƙe da tsofaffin layukan dogo, sai kuma jefi-jefi wani mai hali da ya sayi tarago don sha'awa. Ba ma taɓa kan jirgi, ba ma kuma taɓa birki da ƙafafu, domin wannan fagen injiniyoyi ne. Namu shi ne gangar jiki: ginshiƙai, bango, rufi, ƙofofi, tagogi da wurin zama.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda irin wannan aiki ya zama sana'ar da mutum zai ciyar da iyali da ita. Asalin abin ya faro ne a 1951, lokacin da 'yan sa-kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a yankin Wales don kada ya mutu, sannan layin Bluebell ya biyo baya a kudancin Ingila a 1960. Da rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya fito a 1963 ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi fiye da 2,000, aka kuma daina aiki da jiragen kwal a manyan layuka a watan Agustan 1968, sai jama'a suka tashi haiƙan suna sayen abin da gwamnati ta yasar. A kusa da mu akwai layin Keighley zuwa Oxenhope mai tsawon mil 5, wanda aka sake buɗewa a 1968, akwai kuma layin North Yorkshire Moors da aka farfaɗo da shi a 1973. Kowane layi yana bukatar taragan da zai ɗauki masu yawon buɗe ido, kuma tarago mai shekara ɗari ba ya rabuwa da kafinta.

Da yawa daga cikin taragan da suka fi tsufa ba a kan dogo aka same su ba. Kamfanonin da suka mallake su sun cire musu ƙafafu tun tuni sun sayar da gangar jikin, wasu aka mayar da su ɗakunan kwana a bakin teku, wasu rumbun ajiya a gona, wasu kuma akurkin kaji. Abin da ya cece su shi ne rufin da masu gida suka ɗora musu. Idan aka kawo mana irin wannan, sau da yawa sai mu tarar an fasa bango an yi ƙofar gida, an cire kujeru gaba ɗaya, an shafe katakon da fenti bakwai-bakwai, kuma tunda ba ta da ƙafafu, sai masu layin su nemo ƙarƙashin wani taragon kaya na baya-baya su yanke shi daidai tsawonta a ɗora ta a kai.

Gidajen talabijin sun daɗe suna son jirgin kwal saboda hayaƙi da ƙara, amma a 2018 ne hankalinsu ya karkato sosai ga taragai. A shekarar tashar Channel 4 ta nuna wani shiri da Peter Snow ya gabatar, inda aka bai wa ƙungiyoyi huɗu wata shida su gyara taragai huɗu na zamani daban-daban, cikinsu har da wani na tsibirin Wight da aka ƙera a 1864, da wanda Sarauniya Victoria ta taɓa shiga, da taragon alfarma na Pullman, sannan aka haɗa su jirgi ɗaya a layin Llangollen da ke yankin Wales. A wannan shekarar ce kuma tashar Channel 5 ta fara nuna shirinta a kan ma'aikatan layin North Yorkshire Moors. Na kalli shirye-shiryen nan da jin daɗi, domin karon farko ke nan da maƙwabtana suka fahimci abin da nake yi idan na fita da sassafe. Sai dai tsarin da talabijin ta saba da shi, wato a nuna kango, a sa wa'adi, a nuna ana fafutuka, a ƙare da biki, ya bar wa masu kallo wata fahimta wadda mu masu ƙananan kamfanoni muke ta fama da ita har yau.

Aikin gaskiya yana farawa ne da abin da ba ya da kyan kallo ko kaɗan. Idan tarago ya shigo, makonnin farko aune-aune ne da ɗaukar hoto da lambanta kowane guntun katako kafin a cire shi, saboda ranar mayarwa ba wanda zai tuna inda ya fito. Daga nan sai in ɗauki tsinken ƙarfe in bi gindin ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, a daidai inda suke shiga doguwar katakon da ke ɗauke da bango. Wurin nan ne ruwan sama yake taruwa idan ya zubo ta ƙasan taga. Sau da yawa fuskar katakon tana nan sumul, fenti bai ko tsage ba, amma da na danna tsinken sai ya nutse har rabi, in zaro shi da baƙin gari mai damshi a jikinsa. Akwai kuma ƙarafan kusurwa da ke riƙe ginshiƙi da daɓe, waɗanda idan suka yi tsatsa sukan kumbura su tsaga katakon daga ciki. Duk ƙiyasin kuɗin da aka yi kafin a buɗe bango hasashe ne kawai, shi ya sa nake rubuta wa mai aiki farashi kashi biyu: na abin da ido ya gani, da na abin da za a tarar, wanda ake lissafawa da awa.

Samun katako kansa wani babi ne. Taragan LNER, wani tsohon kamfanin jiragen ƙasa na Birtaniya, na zamanin injiniyansa Nigel Gresley sun yi suna ne saboda bangonsu na katakon tik daga ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), wanda ba a rufe shi da fenti, sai dai a shafe shi da man ƙyalli na banish har ƙirar itacen ta fito. Tik ɗin Bama ya yi wuyar samu ta halastacciyar hanya, musamman bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Myanmar daga 2021, don haka muna farautar tsoho daga benci na ɗakunan gwaje-gwajen makarantu da aka rushe ko daga taragan da suka wuce gyara. Inda za a rufe da fenti kuwa, ko a sassan da ido ba ya kaiwa, katakon Afirka ta Yamma muke sawa, wato loko da safele, waɗanda na san ƙamshinsu tun ina yaron shago. Loko yana jure ruwa ƙwarai, amma yana dakushe bakin zarto, kuma ƙurarsa tana shaƙe ƙirji idan ba a rufe hanci ba.

Kujeru su ne suka fi jan kuɗi ba tare da mai kallo ya sani ba. Na dā ba soso a cikinsu. Sifirin ne a ƙasa da ake ɗaurewa da igiya ɗaya-ɗaya, a shimfiɗa buhu, a cusa gashin doki a daidaita shi da dogon allura, sannan a rufe da yadin ulu mai kauri wanda aka saba saƙawa a masaƙun Yorkshire. Idan an samu ɗan ƙyallen asali a maƙale bayan wani katako, za a iya kai shi masaƙa a kwaikwayi zanensa, amma masaƙa ba ta kunna inji saboda tarago ɗaya, sai an yi odar mai yawa. Kan haka ne layuka biyu ko uku suke haɗa kuɗi, kuma jiran a kammala wannan shawara kaɗai yakan cinye watanni.

Wani kamfanin shirya fina-finai ya taɓa zuwa shagonmu ɗaukar aikin wani tarago mai bangon tik, kuma a lokacin ne na ga bambancin lissafinmu da nasu ƙarara. Mun kai matakin banish, wanda ake shafawa sau goma ko fiye, kowane shafi a bar shi ya bushe, a goge da samfefa mai laushi da ruwa, a share, a sake. Ranar shafi muna yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, mu rufe ƙofofi, ba mai shiga ba mai fita. Daraktan ya iso da mutanensa da fitilu masu zafi, ya roƙi a buɗe babbar ƙofa domin hasken rana ya faɗo a kan bangon, sannan ya nemi yaronmu ya maimaita jan buroshi a wuri guda har sau uku saboda kyamara ta ɗauka ta kusurwoyi daban-daban. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, banish ba ya karɓar maimaici, inda buroshi ya wuce ya wuce ke nan.” Muka daidaita a kan wani allo na daban da aka jingina a gefe, yaron ya yi ta shafa shi yadda suke so. A shirin da aka nuna, aikin da ya ci mana kusan wata biyu bai kai minti ɗaya ba, kuma allon nan na gefe shi mutane suka gani.

Ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, domin ba wanda zai zauna gaban akwatin talabijin yana kallon mai yana bushewa. Illar tana fitowa ne daga baya, lokacin da mai sabon aiki ya kira waya ya ce ya ga an gama tarago cikin wata shida, don haka yana son nasa kafin bazara. Wata shida yana iya isa idan akwai hannaye da yawa, kuɗi a ƙasa, kaya a tanade, an kuma ture duk sauran ayyuka gefe, amma a yadda aka saba, taragon katako da 'yan sa-kai ke gyarawa a ƙarshen mako yakan ɗauki shekaru. Kafintan da ya yarda da wa'adin da bai dace ba zai koma kamar tela a jajibirin Sallah, a waje riga ta yi kyau, a ciki ɗinki yana warwarewa. A sana'armu abin da ake tsallakewa idan lokaci ya ƙure shi ne rufi, wanda ake shimfiɗa masa tamfol a ja shi ya ɗame a shafe shi da fenti shafi bayan shafi, kuma rufin da aka yi wa gaggawa shi ne zai mayar da ruwa gindin ginshiƙan da aka gama canzawa. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa.

Akwai kuma sashen da kyamara ba ta shiga saboda haɗari. Taragan ƙarfe samfurin Mark 1 da aka fara ƙerawa a 1951, waɗanda su ne suka fi yawa a layukan tarihi, wasunsu an cusa musu asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke lalata huhu, a cikin bango don riƙe ɗumi. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, kuma idan muka ci karo da shi dole mu ajiye kayan aiki mu kira kamfani mai lasisi. Tsohon fenti kuma yana ɗauke da dalma, gubar da mutanen Zamfara suka ga ta'asarta a 2010, saboda haka ba a kankare shi a bushe ba tare da kariya ba. Bayan duk wannan, tarago ba zai ɗauki fasinja ba sai ya cika sharuɗɗan lafiya da ORR, hukumar kula da harkar jiragen ƙasa ta Birtaniya, ke sa ido a kansu, ko da yake yawancin layukan nan ba sa wuce gudun mil 25 a awa. Makullin ƙofa ɗaya da bai kama da kyau ba ya isa a hana tarago fita, komai ƙyallinsa.

Duk da haka, zan yi rashin adalci idan ban faɗi alherin da talabijin ta jawo ba. Yaron da ke koyon fenti a wurina shirin talabijin ne ya kawo shi, kuma a sana'ar da yawancin gwanayenta sun haura shekara sittin, matashi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Mutane sun riƙa kira suna cewa akwai wani tsohon tarago a bayan gidan kakarsu, wasu suka kawo fitilun tagulla da hannayen ƙofa da suka daɗe a akwati. Abin da suna ba ya yi shi ne biyan bashi. Layin Llangollen da aka yi bikin haɗa taragan nan huɗu a kansa, kamfanin da ke tafiyar da shi ya durƙushe a watan Maris na 2021 bayan kullen korona, sai da ƙungiyar amintattu ta karɓa jiragen suka dawo aiki. Tun daga lokacin ba na fara yanka katako sai an ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin kuma a biya mataki-mataki.

'Yan uwa a gida sukan tambaye ni ko za a iya yin irin wannan a Najeriya, ƙasar da jirgi ya isa Kano tun 1911, kuma akwai gidan Jaekel a Ebute Metta da aka gyara ya zama gidan tarihin reluwe. Amsata ita ce akwai kafintoci da maƙera da masu walda da za su iya, katakon ma daga wajenmu ake kawo shi nan. Abin da za a fara da shi rumfa ce da za ta kare abin da ya rage daga rana da ruwa da gara, sai a auna a rubuta, kafin a yi maganar fenti ko a gayyaci 'yan jarida.

Yanzu idan masu shiri suka nemi shigowa shagonmu ina amincewa, amma da sharuɗɗa a rubuce. Ba a ɗaukar hoto ranar banish, ranar kammalawa ni da mai tarago muke sa ta ba darakta ba, awannin da ma'aikatana suka ɓata wajen maimaici kamfanin shirin ne zai biya, sannan dole a nuna tarago lokacin da bangonsa yake a buɗe, ruɓaɓɓun ginshiƙai a fili. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi suka fi ja da shi, shi ne kuma wanda ba na sassautawa, domin hoton nan ne nake nuna wa mai sabon aiki idan muka zauna maganar farashi da lokaci.