Abin da aikin kafa fankar banɗaki ya koya mini

Babban darasin da na ɗauka daga aikin kafa fanka mai zuƙe tururi a banɗaki shi ne, fankar ita kaɗai ba ta korar danshi, sai an gyara wa iska hanya tun daga inda za ta shigo har inda za ta fita. Masu gida da yawa kan dubi ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali su ɗauka magana ta ƙare, alhali an auna shi ne ba tare da an jona fankar da dogon bututu ba.

Lissafin girma ba shi da wuya. Banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 2 da tsayin mita 2.5 yana ɗauke da iska kubik mita 10, don haka idan ana so ta sauya sau 8 cikin awa guda, sai a nemi fankar da ke fitar da kubik mita 80 a awa. Dokar gini ta Ingila ma ta sanya lita 15 a daƙiƙa, wato kubik mita 54 a awa, a matsayin mafi ƙaranci ga fankar banɗaki da ake kunnawa ana kashewa.

A wajen bututu ne aiki ya fi lalacewa. Ƙaramar fankar bango ta dace ne da gajeren rami da ya ɓulle waje kai tsaye, amma da zarar bututun ya yi tsawo ko ya sha kwana, ƙarfinta kan ragu ƙwarai, sai a koma ga irin wadda ake jonawa a tsakiyar bututu. Na fi yarda da bututu mai tauri da santsin ciki, mai faɗin milimita 100, domin mai lanƙwasa yakan saki, ruwa ya taru a cikinsa. A ɗan karkatar da bututun ƙasa ta wajen bakinsa na waje, a sa masa marfin da ke hana iska dawowa. Abin da ya fi damuna shi ne bututun da aka bari ya ƙare a cikin silin; na sha buɗe irin wannan rufi na tarar katako ya yi baƙi da fumfuna, banɗakin kuwa tsaf a ido.

Iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta, shi ya sa ake barin tazarar kusan milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa. Nakan rufe ƙofa in kunna fankar, in kara takarda marar nauyi a bakinta: idan ta manne, da alamar tana ja, idan kuwa sai an buɗe ƙofa take mannewa, to hanyar shigar iska ce ta toshe.

Tunda ruwa da lantarki ba sa ga maciji, fankar da za ta zauna kusa da shawa ta kasance mai alamar IPX4 (alamar da ke nuna tana jure fantsamar ruwa) ko sama da haka, wayarin kuma a bar wa ƙwararre. Ina kuma ba da shawarar mai agogon da ke barin ta ta ci gaba da aiki kamar minti 15 bayan an kashe fitila, domin tururi ba ya ƙarewa da rufe famfo.